Tayar da kilim ɗin tsohuwar mota a zafin Damagaram: tambayoyi da amsoshi

Daga ƙarshen watan Maris, da zarar bazara ta kankama, ko shayin safe ba na samun sukunin sha a garaji. Masu sababbin motoci nasu mai sauƙi ne. Masu cin mini lokaci su ne ma'abota tsofaffin nan da aka gada ko aka saya don sha'awa: Peugeot 504 da 505, Mercedes 200 da 230 irin na da, da Land Cruiser ta shekarun 1980. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne kowace shekara, shi ya sa na tara su wuri guda. Na'urar sanyaya mota da muke kira kilim a nan Zinder, a Kano esi suke ce mata, kuma zan riƙa ambaton sunan nan da na can a wasu wuraren, tun da yawancin kayan daga can ake kawo su.

Malam, gas ne kawai ya ƙare. Ba za a ƙara mini in tafi ba?

Ranka ya daɗe, gas ɗin kilim ba esansi ba ne da mota ke sha ya ƙare. A rufe yake, zagaye kawai yake yi. Kwamfaresa ya matse shi ya yi zafi, ya tura shi kondansa, wato ƙaramin lagireton da ke gaban na injin. A can iska ta ɗauke zafin, gas ya koma ruwa. Ruwan ya bi ta kwalbar da ke tace shi tana tsotse laima, ya isa wata ƴar ƙaramar ƙofa da muke kira detander, ya fesa cikin akwatin sanyi da ke ƙarƙashin tabulo, wato allon da ke gaban direba. Nan yake tafasa, kuma tafasar ce ke zuƙe zafin cikin mota. Sai ya koma wurin kwamfaresa a sake zagaye. Babu inda aka ce ya ƙone ko ya ƙare.

Saboda haka in babu gas, fita ya yi, kuma ƙofar da ya fita tana nan a buɗe. Ƙara wani ba tare da an nemo ta ba zuba ruwa ne a kwando. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba: gas ɗin tare yake yawo da man da ke shafa kwamfaresa. Duk inda gas ya tsiyaye, mai ya bi shi. Mutum ya ƙara gas sau uku a bazara ɗaya, bai ƙara mai ko ɗigo ba, sai ran nan kwamfaresa ya kafe yana tsakiyar hanyar Magariya. Wannan man kuma shi ke tona asirin wurin yoyo. Duba mahaɗar tiyo da gaban kwamfaresa. Inda ka ga ƙura ta manne ta yi baƙi ta yi danƙo, nan ne. A garinmu dai ƙura ba ta yin wuya.

Motar mahaifinmu ce, ta shekara goma a ajiye. Daga ina ake farawa?

Daga hana kowa danna maɓallin kilim. Yara sukan yi ɗokin gwadawa da zarar injin ya tashi, kuma kwamfaresan da ya shekara goma bai juya ba, babu mai a jikin ƙarafansa, minti biyu sun isa su kashe shi.

Injin na kashe, a kama farantin da ke gaban kwamfaresa a juya da hannu. In ya juya sumul da ɗan nauyi, akwai fata. In ya ƙi motsi ko yana gurza, an gama da shi. Daga nan a sa agogon awo a ga ko akwai sauran matsi a ciki. Ko kaɗan aka samu labari ne mai daɗi, don yana nufin iska da ƙura ba su shiga ba. Mafi muni shi ne a tarar wani ya taɓa kwance tiyo ya bar bakinsa a buɗe. Na sha ciro gidan zanzaro a cikin irin wannan tiyon. Ɓeraye kuma wayoyin bayan tabulo da akwatin iska suke so.

Bayan haka sai gwajin yoyo da iskar azot, wadda wasu ke cewa naitirojin: a cika, a bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu, a bar agogo a jiki a ga ko allura za ta sauka. Kada ka yarda kowa ya yi wannan gwajin da tukunyar oksijin ta masu walda. Oksijin in ya haɗu da mai a ƙarƙashin matsi fashewa yake yi.

Wane gas ne a cikin tsofaffin motoci, kuma me ya sa aka ce ba a samunsa?

Kusan duk motar da aka ƙera kafin farkon shekarun 1990 da R12 ta zo, wanda ake kira Freon. Gas ne mai sanyi ƙwarai, amma an gano yana cinye rufin ozon da ke kare mu daga zafin hasken rana. A 1987 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal don a daina yin sa. Ƙasashe masu arziki suka daina a tsakiyar shekarun 1990, irin namu kuma aka ba su wa'adi zuwa 2010. Kamfanonin mota suka koma R134a tsakanin 1992 da 1995.

Kada shekarar mota kaɗai ta ruɗe ka. Faransa ta daɗe da barin 504, amma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Ga shi kuma mota ta bi hannu biyar ko shida kafin ta zo gare ka. Buɗe kapo, wato murfin injin, ka nemi takardar da ke manne, sannan ka dubi bakin da ake cika gas. Na R12 mai zare ne, kamar bakin tayar mota. Na R134a ya fi kauri, danna masa kan tiyo ake yi ya kama.

In wani ya nuna maka gwangwani ya rantse R12 ne na asali, ka tambayi kanka inda aka yi shi. Sannan R12 in ya taɓa wuta hayaƙi mai guba yake bayarwa, don haka ba a walda a jikin tiyon da ke da sauransa.

To me ake yi a juya mota zuwa R134a? Wani ya ce canja bakin cikawa kawai ne.

Da haka ne da mun huta. Matsalar tana wurin mai. R12 da man ma'adini yake aiki, suna cuɗanya, gas ya ɗauke shi ya zagaya da shi. R134a ba ya ɗaukar wannan man. Sai man ya kwanta a kondansa da akwatin sanyi, kwamfaresa ya yi ta juyawa a bushe. R134a nasa man daban ne, ko PAG ko esta. PAG shi ne na motocin da suka zo da R134a daga kamfani, amma ba ya shiri da ragowar tsohon mai da tsohon gas. Esta ya fi haƙuri da ɗan abin da ya rage, shi ya sa na fi son sa in tsohon kwamfaresa za a bari. In sabon kwamfaresa ne, a bi abin da ke rubuce a jikinsa, don yawanci da mansa a ciki yake zuwa. Duka biyun suna shan laimar iska da sauri. Kwalbar da aka buɗe aka bari a kan kanta wata guda ba ta shiga motata.

Aikin da nake kira aiki shi ne a sauke kwamfaresa a tsiyaye tsohon mai, a wanke tiyo da akwatin sanyi da ruwan wankin da aka yi don haka, a busar da azot. A canja duk zoben roba na mahaɗa zuwa irin korayen nan da ke jure sabon mai. A sa sabuwar kwalbar laima, wannan ba a ciniki a kanta: ƴaƴan da ke cikin tsohuwar sun riga sun ƙoshi, kuma irin na zamanin R12 ba su dace da sabon gas ba. Detander ba shi da tsada, a canja shi tun ana ciki. Tiyon roba da ya shekara arba'in yana shan zafin injin a wannan ƙasa, in ka lanƙwasa ka ga tsaga, a yi sabo mai shamaki a ciki, don R134a ya fi R12 iya silalewa ta jikin roba. In motar ba ta da makunnin da ke kashe kwamfaresa idan matsi ya yi yawa, a sa mata.

Sai zuƙe iska da famfo, aƙalla minti 30 zuwa 45, ni nakan kai awa guda a tsohuwar mota. Ba iska kaɗai ake cirewa ba. In matsi ya faɗi ƙasa sosai ruwan da ya maƙale a ciki tafasa yake yi ya fita. A rufe a jira a ga allura ba ta motsa ba. Wanda ya ce zai "kore iska da gas", wato ya ɗan buɗe gas ya fesar ta ɗaya bakin, ba shi da famfo ne kawai.

Ni ma na taɓa yin ganganci. Wata 505 ce, kwamfaresanta ya mutu, mai ita yana sauri zai tafi biki Maraɗi. Na sa sabo ban wanke layi ba, ban canja kondansa ba. Garin ƙarfen da tsohon ya bari ya zagayo ya cinye sabon, bai ko kai Takeita ba a tafiya ta biyu. Daga aljihuna na biya. Tun ranar, in na ga man da ke fitowa ya yi baƙi da walƙiyar ƙarfe a ciki, sai an wanke komai ko kuwa a kai wani wuri.

Gwangwani nawa take sha?

Ba da gwangwani ake lissafi ba, da sikeli ne. Takardar ƙarƙashin kapo ko littafin motar na faɗin nauyin R12 da take ɗauka. Na R134a ana sa kimanin kashi 80 cikin 100 na wannan, sannan a duba agogo a daidaita. Idan an ce giram 1000, a fara da 800.

Tsofaffin ma'aikata sun saba da leƙa ɗan gilashin da ke kan kwalba, su yi ta ƙara gas har kumfa ta ɓace. Da R12 dabarar tana aiki. Da R134a a motar da aka juya, in ka bi kumfa sai ka cika fiye da ƙima, matsi ya hau, sanyi ya ragu. Ga abin da nake kallo: injin na kashe, a zafin digiri 40, agogo kan nuna matsin kusan bar 9 a ɓangarorin biyu, wato na ƙasa inda kwamfaresa ke zuƙo gas da na sama inda yake tura shi. Kilim na aiki, ɓangaren ƙasa ya zauna wajen bar 2 zuwa 3, na sama kuma da rana tsaka a watan Afrilu yakan kai 17 zuwa 20. In ya wuce haka yana ta hawa, ba gas ne ya yi kaɗan ba, zafi ne ya rasa hanyar fita.

An ce gas ɗin kilim na ɗaki ya fi sanyi, wasu ma na girki suke sa wa.

R22 na kilim ɗin ɗaki matsinsa ya fi na mota nesa, tiyo da kwamfaresa ba su jure shi. Gas ɗin girki kuwa yana sanyi, ba zan yi maka ƙarya ba, amma akwatin sanyi a gaban gwiwar iyalinka yake, a cikin motar da wayoyinta suka shekara arba'in, ga mai kunna sigari. Ba na sa shi. A kula kuma da R134a na jabu mai arha. An taɓa samun wanda aka gauraya da wani sinadari mai cin alminiyom, har ya jawo fashewa a wasu ƙasashe. Araha ba ta ado.

In gyara tsohon kwamfaresa ne, ko in sayi ɗan Kwatano, ko sabo?

Tsofaffin Mercedes na farko-farko da wasu motocin zamanin da kwamfaresan York suka zo, mai kama da ƙaramin injin babur a tsaye. Ƙarfi gare shi, ana iya gyara shi, amma yana da nauyi, yana girgiza, yana kuma jan injin. Wasu Mercedes ɗin na baya suna da wani gajere mai faɗi da ake kira R4, wanda ya yi suna wajen yoyo. Toyota kuwa Denso ne, in bai kafe ba a canja masa roban gaba a bar shi.

In mota ta hawa ce kullum, ni Sanden nake ba da shawara, irin 508 ko 709 da ƴan uwansu da aka yi don R134a. Ƙarami ne, ba ya wahalar da injin, kuma ana samun sa. Wahalar tana wurin ƙafar da za a ɗora shi: dole bakin kuruwa, wato fambel, ya yi daidai da na injin sak. In ya karkace ko kaɗan, kuruwa za ta riƙa tsinkewa kana zagin mai kanti. Jabun Sanden sun cika kasuwa, har a Ƙofar Ruwa ta Kano, don haka ka tafi da wanda ya san kaya. Ɗan Kwatano sa'a ce. In bakinsa a toshe yake, mansa garau, yana juyawa yana tura iska a yatsa, ana iya gwadawa. Wanda aka jefar a ƙasa baki buɗe, ko kyauta ne bar shi.

Mai son motarsa ta zauna yadda ta fito daga kamfani, ya riƙe York ɗinsa, ba laifi. Ko an canja, a ajiye tsohon a ɗaki, wata rana mai saye zai tambaya.

A hanyar Tanut sanyi har da rawar ɗari, amma cikin gari wajen Kasuwar Dole sai iska mai ɗumi. Me ya sa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a Damagaram, kuma amsarta ba ta cikin tukunyar gas. Kilim kwasar zafi yake yi daga cikin mota ya zubar a gaba, ta kondansa. A kan hanya iska na bugun kondansa da ƙarfi, zafi na tafiya. Cikin cunkoson kabu-kabu da amalanke, mota na tafiyar hawainiya, ba abin da ke hura shi sai fankar injin da ke juyawa a hankali. Kuma iskar da ake so ta ɗauke zafin ita kanta ta haura digiri 40. Waɗannan motoci an auna su ne da gas ɗin da matsinsa bai kai na yanzu ba.

Abu na farko, wanki. Tsakanin kondansa da lagireto akwai wani lungu da ba a gani, inda ƙurar hunturu, ƙaiƙayi, gashin kaji da guntun leda ke taruwa su zama kamar tabarma. A raba su a wanke daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi don kada haƙarƙarin ya lanƙwashe. Na biyu, fankar lantarki a gaban kondansa, mai tashi tare da kwamfaresa, da rilenta da fis nata daban. A tabbata tana tura iska ciki. Na ga wadda aka haɗa a juye tana faɗa da fankar injin. Na uku, rumfar roba da ke kewaye da fankar injin, wadda makanikai ke cirewa su jefar don tana tare musu hannu. Ba ado ba ce, ita ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto. A toshe gefe da gefe da soso don kada iska ta zille. In fankar mai kulochin mai ce, kamar ta Mercedes da Land Cruiser, a gwada ta, takan mutu tana juyawa kamar lafiya lau.

Na huɗu shi ne wanda ya fi canja labari: a cire tsohon kondansa mai tiyo ɗaya da ke lanƙwasa, a sa na zamani mai ƙananan hanyoyi jere, mafi girman da wurin zai ɗauka. Aibinsa ɗaya, ba ya wankuwa in kwamfaresa ya mutu ya watsa masa gari, sai dai a canja. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak tsakanin sabon kwamfaresa da wannan, kuma tsohon na juyawa, sayi kondansa da fanka.

Da na kunna kilim sai allurar zafin injin ta hau.

Dole, tun da zafin da kondansa ya zubar kan lagireto yake sauka, ga kwamfaresa na cin dawakai kaɗan daga injin da dama bai kai doki ɗari ba, kamar na 504. Lagireton da aka shekara ana zuba masa ruwan rijiya ya toshe da farin gishiri a ciki. A kai a buɗe a wanke ko a sake masa ciki, a koma ruwan lagireto na gaskiya, a canja murfi. Cire tamostat da ake yi da sunan "ƙasarmu da zafi" ba magani ba ne, ɓoye ciwo ne. A duba kuma altanato, don na da ƙanana ne, ga fankar ciki, ga ta gaba, ga kulochin kwamfaresa, ga fitilu da dare. In injin na mutuwa a tsaye da an kunna kilim, akwai ɗan abin da ke ƙara masa wuta a jikin kafireto, shi ya lalace ko aka cire.

Yana sanyi minti 20 sai ya ɗauke, in na kashe na jima sai ya dawo.

In iska na fitowa da ƙarfi amma ba sanyi, laima ce ta daskare a bakin detander. Ba a zuƙe iska da kyau ba ko ba a canja kwalba ba. In iskar ce ke raguwa, akwatin sanyi ne ya yi ƙanƙara, sau da yawa saboda an haɗa kwamfaresa kai tsaye an tsallake abin da ke kashe shi in sanyi ya isa. In kuma farantin gaba ne ke sakewa idan ya yi zafi, tazararsa ta buɗe. A Sanden tsakanin milimita 0.4 da 0.8 ake so.

Wari fa, da ruwan da ke zuba a ƙafar fasinja?

Ɗan tiyon da ke zubar da ruwa ƙasa ne ya toshe da laka. Waɗannan motoci ba su da matatar iska ta ciki, duk ƙurar da ta shiga akwatin sanyi take kwana. A sauke shi a wanke. Turare ba ya maganinsa.

Tawa ba ta zo da kilim ba sam. Ana iya sa mata?

Ana iya, da akwatin da ake ratayawa ƙarƙashin tabulo, irin wanda dama aka riƙa sa wa motoci da yawa a wancan zamani. Roƙona kawai kada a yanka tabulon asali. A doguwar 504 mai layi uku na kujeru ko Land Cruiser, akwati ɗaya a gaba ba zai kai wa na baya ba a watan Mayu, gara a faɗa wa Hajiya gaskiya tun yanzu. Roban ƙofofi, abin tare zafi a ƙasan mota da cikin rufi, da inuwar da ake ajiye ta, duk suna cikin lissafin.

Nawa zan tanada, kuma yaushe zan kawo ta?

Ba na faɗin kuɗi kafin in ga mota, ga canjin naira da sefa ba ya zama wuri ɗaya. Ka nemi a rubuta maka kowane kaya da kuɗinsa daban, kuɗin hannu daban, a kuma ba ka tsofaffin da aka cire.

Lokaci kuwa, Disamba ko Janairu. Garaji ba cunkoso, in an aika Kano neman kaya ba wanda ke ƙonewa yana jira, kuma akwai sarari a bar azot ya kwana a ciki. Sai dai awon ƙarshe a sake shi a Afrilu, don matsin da ya yi kyau da hunturu ba shi ne na bazara ba. Bayan an gama, ko ana sanyi a riƙa kunna kilim minti 10 kowane mako don mai ya jiƙa roban gaban kwamfaresa. In ƙura ta taso, a mayar da shi kan iskar cikin mota kafin a kunna.